Kati Biyu na Shehu

Ranar Talata ce, 12 ga Disamba 2017. Hunturu ya kankama a Kano, hazo ya lulluɓe gari har dutsen Dala ba ya ganuwa daga bakin titi. Ina tsugunne da yamma a ƙofar gidan kallon ƙwallon Kawu, na jiƙa tsumma ina goge allo don in rubuta wasannin Ingila na daren, sai ga ƙanena ya faɗo layin a guje, waya a hannu, yana haki.

"Yaya, an kore mu!"

"Su wa aka kora? Daga ina?"

"Najeriya. Daga Rasha. Wai FIFA ta ce mun saka ɗan wasan da ke kan dakatarwa."

Gabana ya yanke ya faɗi. Tsumman na hannuna, ruwan alli yana gangara ta gwiwar hannu zuwa cikin riga, ban ji sanyinsa ba sai daga baya. A farkon watan aka raba rukuni a Mosko, aka haɗa mu da Ajantina da Kuroshiya da Aisilan. Kawu har ya fara cinikin sabuwar talabijin saboda gasar cin kofin duniyar. Na karɓi wayar, hannuna na rawa, na ga saƙo ne irin wanda ake turawa daga wannan zuwa wancan, ba kai ba gindi, sai manyan baƙaƙe da alamar kuka. Amma akwai suna a ciki, kuma sunan ne ya fi komai tsaya mini a maƙogwaro: Shehu Abdullahi.

Kafin a kira magariba ƙofar ta cika. Mai shayi ya bar tukunyarsa ya tsallako, masu wankin babur suka zo da kumfa a hannu. Kawu ya fito da rediyonsa yana murɗawa, bai ce uffan ba. Sai da wani ɗalibin jami'a da ke layinmu ya lalubo ainihin sanarwar ya karanta mana a tsanake, yana fassarawa jimla bayan jimla, sannan numfashi ya dawo. Ba a kore mu ba. Wasan ƙarshe da muka yi da Aljeriya, wanda aka tashi 1-1, shi aka soke aka ba su da ci 3-0, aka kuma ci hukumar ƙwallon ƙasa tarar kuɗin Suwizalan 6,000. Makinmu ya sauko daga 14 zuwa 13. Zambiya da ke biye da mu tana da 8. Rasha na nan.

Mutane suka yi hamdala suka watse. Ni kuwa na kasa watsewa, kuma in kana son ka gane dalili sai na gaya maka ko wane ne Shehu a wurinmu.

Duk lokacin da koci zai fitar da sunayen waɗanda ya gayyata, mu a nan akwai yadda muke karanta takardar. Ido ne ke gudu, yana tsallake masu tsaron raga da sauransu, yana neman sunan gida. In ya samu, sai a koma sama a karanta a natse. Ba na jin kunyar faɗin haka. Yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin makarantar firamare yana bukatar ya ji suna irin nasa a bakin mai sharhi. A shekarun nan sunaye biyu muke nema. Na farko Ahmed Musa, wanda ya taso a Jos ya yi suna a Kano Pillars kafin ya haye Holan. Na biyu Shehu, ɗan Sakkwato. Shi na gan shi da idona a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, cikin rigar Pillars, a zamanin da ƙungiyar ta riƙe kofin ƙasa sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. A tsakiya yake bugawa lokacin, mai tare hanya. Wasansa ba ya sa ka miƙe tsaye. Sai an tashi kana hanyar gida za ka tuna cewa duk inda wuta ta so tashi ka gan shi a wurin. Daga nan ya tafi Kuwait, ya wuce Fotugal, ya sauka a Anorthosis ta tsibirin Saifurus. Yana cikin waɗanda suka ciyo tagulla a wasannin Olamfik na Rio a 2016. Da Gernot Rohr ya karɓi ƙungiyar ƙasa a wannan shekarar, a hankali ya mayar da shi lamba biyu, bayan dama, kuma a gidan kallonmu an sha musu har da jijiyar wuya kan ko wurin nasa ne.

Ranar da musun ya mutu ita ce Asabar, 7 ga Oktoba 2017, a Uyo.

Muna da maki 10, Zambiya na da 7. Kuma ba Zambiyar wasa ba ce. A watan Satumba ta doke Aljeriya gida da waje, ta zo da yaran da suka ci kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 a farkon shekarar, su Fashion Sakala da Enock Mwepu. Mu ma da ƙarfinmu, don a Uyon nan muka zuba wa Kamaru huɗu ba ko ɗaya. Amma duk wanda ya daɗe yana bin ƙwallon ƙasar nan ya san ranar da ake cewa saura ƙiris ita ce ranar tsoro.

Ƙarfe biyar aka take. Gidan kallon Kawu rumfar kwano ce mai benci goma sha wani abu, fanka biyu, janareto a bayan katanga yana ruri. Damina ta ɗauke, zafin Oktoba ya sauko daga kwanon kai tsaye. Warin gumi, warin fetur, ƙamshin gyaɗa mai gishiri da wata yarinya ke miƙowa ta taga. Yara sun cika ƙasa a gaban allon talabijin, Kawu ya ce ranar ba zai karɓi ko kwabonsu ba. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da jakar canji a wuya.

Tun kafin hutun rabin lokaci Zambiya ta jefa ƙwallo a ragarmu. Ban taɓa jin rumfar nan ta yi tsit irin na wannan daƙiƙar ba, janareton kaɗai ke magana. Sai wani yaro daga ƙasa ya ƙwala ihu, "Tuta! Ya ɗaga tuta!" Satar gida aka ce. 'Yan Zambiya har yau ba su yarda ba, kuma da na sake kallon hoton a natse daga baya, ban ga laifinsu ba da suka ƙi yarda.

Ana dawowa daga hutu ladan ya kira magariba. Dokar Kawu ce a kashe talabijin in an kira salla, kuma bai taɓa ɗaga ta saboda Chelsea ko Barcelona ba. Ranar ya tsaya da rimot a hannu yana kallon fuskokin mutane. Sai ya ce a rage murya, a shimfiɗa tabarmi a ƙofa, a yi salla kashi biyu. Ina cikin kashin farko. Na yi ƙoƙari ƙwarai in tattara zuciyata wuri ɗaya, Allah ya sani, amma kunnena na cikin rumfar. Ko tari aka yi a ciki sai na ji shi a ƙirjina.

Saura minti goma sha wani abu a tashi, Victor Moses ya riƙe ƙwallo a gefen dama. Shehu ya taso daga baya a guje ya wuce ta bayansa. Moses ya zura masa. Na ga ya ɗaga kai sau ɗaya. Bai ɗaga ta sama yadda muka saba gani ana yi a maƙare ba, ya mayar da ita baya a ƙasa, a hankali, daidai inda Alex Iwobi, wanda bai daɗe da shigowa daga benci ba, yake isowa. Iwobi ya sa mata ƙafa. Abin da ya biyo baya ban gan shi a talabijin ba, don benci biyu sun kife, wani ya rungume ni ta baya har jakar canjin ta tsinke, silalla suka watsu ƙarƙashin ƙafafu, ba wanda ya sunkuya. Wani dattijo da ban taɓa jin muryarsa ba ya hau kan benci yana cewa, "Sai Masu Gida! Yaronmu ne! Yaronmu ne ya bayar!" Da ci ɗayan nan Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu gurbin zuwa Rasha.

A cikin wannan wasan ne alƙali ya ɗaga wa Shehu katin gargaɗi. Na gani. Duk wanda ke rumfar ya gani. An yi tsaki, an ce alƙali ya matsa, aka ci gaba da kallo. Ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, don a saninmu katinsa na farko ke nan a rukunin. Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne cewa wasannin neman gurbi, tun daga zagayen share fage har zuwa na rukuni, gasa ɗaya ce a littafin FIFA, kuma kati ba ya mutuwa don an canja zagaye. A Nuwamban 2015, zamanin Sunday Oliseh, mun kara da Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini. Aka tashi ba ci a can, muka ci 2-0 a Fatakwal. A wannan karawar Shehu ya karɓi kati. Ya kwanta a takarda kusan shekara biyu. Oliseh ya ajiye aiki a Fabrairun 2016, aka yi masu riƙo, Rohr ya zo, Shehu kansa ya canja ƙungiya da ƙasa, katin na nan yana jiran ɗan'uwansa. Da na Uyo ya zo suka zama biyu, doka kuma ta ce wasa na gaba a zauna a gida.

Wasa na gaba shi ne na Aljeriya a Constantine, daren Juma'a 10 ga Nuwamba. Rabin bencinmu ba kowa, don an riga an gama magana. Rohr ya hutar da wasu manya ya gwada wasu fuskoki. Da aka nuna jerin sunaye na ga Shehu a lamba biyu, na ji daɗi. Wannan jin daɗin na daɗe ina tuna shi. John Ogu ya ɗaɗa wata daga nesa ta shige, Yacine Brahimi ya farke da fenariti dab da tashi. Muka kashe janareto muna alfaharin mun gama rukuni ba a doke mu ba. Kwana huɗu bayan nan muka ci Ajantina 4-2 a wasan sada zumunci a Krasnodar, kai ya ƙara girma.

To, a daren Talatar nan da mutane suka watse, Kawu ya ce in miƙo masa alli. Ya juya allon ta bayansa, ya tsuguna a ƙarƙashin ƙwan lantarki.

"Zo ka gani, ɗan nan. A ce ƙwallon Zambiya ta zauna a Uyo, suka tafi da ita. Mu goma, su goma." Ya rubuta. "Ranar ƙarshe sun yi biyu da biyu da Kamaru, sha ɗaya. Mu mun yi ɗaya da ɗaya, sha ɗaya. Wa ya wuce?"

"Mu, Kawu. Mun fi su yawan ƙwallaye."

"Madalla. Yanzu goge makin Aljeriya."

Na sa yatsa na goge. Goma ta dawo. Na tsaya ina kallon sha ɗayan Zambiya a samanta.

Na ce masa ai da haka ta faru, da wani irin wasa za a buga a Constantine, da manya duk sun shiga. Ya ɗago ya dube ni. "Da manya sun shiga, wa zai tsaya lamba biyu?" Ban amsa ba. Da wasan na da nauyi, Shehu ne zai fi kowa tabbacin shiga. Da mun ci, mun yi rawa a titi, an raba rukuni a Mosko da sunanmu, sannan wasiƙa ta iso. Tsoron da na ji a wannan lokacin ya fi na yamma, don na yamma jita-jita ce ta kawo shi, wannan kuwa lissafi ne da alli a gabana.

Kawu ya yi shekaru yana sakataren ƙungiyar unguwarmu tun muna yara. Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yi laushi, an ɗaure shi da roba. Kowane shafi sunan ɗan wasa ne a sama, a ƙasa kwanan wata da filin da aka buga, sai alama da biro: shuɗi in gargaɗi ne, ja in kora ce. Wasu shafukan ruwan sama ya taɓa su, tawadar ta bazu, ya sake bin ta da hannunsa. Ya ce kafin kowane wasa sai ya buɗe littafin nan a gaban koci, kuma an sha zaginsa don ya hana a saka gwanin da ake ji da shi ranar kofi. "Ba a biyana ko sisi," in ji shi. "Wannan aikin biro ne da takarda. Mutum ɗaya ya isa, in dai ya san shi aka ɗora wa."

Shi ne kuma ya tuna mini da Kef Bade. A Satumban 2013 wannan 'yar ƙaramar ƙasar tsibirai, mai mutane kamar rabin miliyan, ta je har Tunisiya ta ci 2-0 ta haye zagayen ƙarshe na neman zuwa Barazil. Ba a yi mako ba FIFA ta ce Fernando Varela bai gama zaman dakatarwarsa ba. Aka juya sakamakon, Tunisiya ta wuce, su suka koma gida. A shekarar ce Habasha ma ta rasa maki uku saboda Minyahil Teshome a wasanta da Botswana, sai dai ita ta tsira, har ta zo ta haɗu da mu a zagayen ƙarshe. Duk na san labaran nan a lokacin da suka faru. Na ɗauke su labarin wasu ne.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo ne a kwanakin da suka biyo baya. A teburin mai shayi, a cikin adaidaita, a Facebook, sunan Shehu ne a baki. "Shi bai san katinsa ba?" "Ya kusa ja mana." Wasu a intanet suka shigo da zancen yanki, kamar dama jira suke. Mutumin da makonni kaɗan baya aka hau benci ana kiransa yaronmu. Na yi musu har muryata ta dishe. Ban ce ɗan wasa ba ya iya ƙirga katinsa ba, yana iyawa, kuma wanda ya yi ya kyauta. Amma tsakanin katin farko da na biyu ya buga wasanni da yawa a ƙasashe daban-daban, a gasa daban-daban, kowace da tata dokar. Ba shi ke rubuta sunayen da za a miƙa wa jami'in wasa ba. An ce masa ɗaura takalmi, ƙasarka na bukatarka, ya ɗaura. FIFA ma ba shi ta ci tara ba. Amma hukuma ba ta da fuska, shi kuwa yana da ita, kuma hotonsa aka liƙa a kan kowane labari. Har yau in aka tada zancen, "maganar Shehu" ake cewa. Kaɗan ne ke haɗawa da cewa ƙwallon da ta sa hukuncin bai yi mana illa ba daga ƙafarsa ta fito.

Ya je Rasha. Da shi aka fara wasan Kuroshiya a Kaliningrad, wanda aka ci mu 2-0. Da na gan shi a layi ana taken ƙasa, hannu a ƙirji, idona ya cika. Bayan nan Ahmed Musa ya zuba wa Aisilan biyu, rumfar ta sake kifewa.

Na ɗauka na rabu da wannan tsoron, sai 2025 ta zo. A ranar 21 ga Maris Afirka ta Kudu, wadda muke rukuni ɗaya da ita, ta ci Lesoto 2-0 da Teboho Mokoena a fili, alhali yana da kati biyu, ɗaya daga wasan Benin a 2023, ɗaya daga na Zimbabuwe a 2024. Mu kuma mun yi ta zubar da maki a gida da waje har abin ya kai sai an taimaka mana. Wata shida yaran gidan kallo suna jiran FIFA. Yanzu Kawu ya tsufa, a kujera yake zama daga gefe, rumfar ta samu sola da manyan talabijin. Kullum sai ka ji wani ya ce, "Allah ya sa a cire musu." Ni ma zuciyata ta so hakan, ba zan ɓoye maka ba, ina son ƙasata ta je. Amma duk sanda aka nuna fuskar Mokoena sai in ji wani abu ya tokare ni, don na san abin da ake faɗa a kansa a wuraren shan shayin ƙasarsu ko da ban ji yarensu ba. A ƙarshen Satumba hukunci ya fito, 3-0 aka ba Lesoto, aka kuma ci Afirka ta Kudu tarar kuɗin Suwizalan 10,000. Yara suka yi ta tsalle kamar mun ci wasa. Duk da haka Afirka ta Kudu ta gama da maki 18, mu da 17, ko da yake mun zuba wa Benin huɗu a Uyo ranar ƙarshe.

Sai aka tafi Rabat wasannin cike gurbi. Muka ci Gabon 4-1 bayan ƙarin lokaci, a wasan kuma aka ɗaga wa Wilfred Ndidi kati. Nan da nan aka ce ba zai buga wasa na gaba da Kwango ba. Daga baya hukumar ƙwallon Afirka ta ce zai iya. Ranar 16 ga Nuwamba da aka nuna sunansa a jeri, yara suka yi tafi, ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa. Na sa ɗan yayata ya nemo mini sanarwar ya karanta kalma bayan kalma. Kawu daga kujerarsa ya ce, "A rubuce take ko a baki?" Frank Onyeka ya ci tun a mintocin farko, rumfar ta tashi, ni ina zaune ina tunanin ko in mun ci za a bar mana. Meschack Elia ya farke kafin hutu. Aka yi ƙarin lokaci, aka je bugun fenariti, Chancel Mbemba ya jefa ta ƙarshe, 4-3. Karo na biyu ke nan a jere bayan Ghana ta hana mu zuwa Ƙatar a 2022, kuma a duka biyun a cikin fili aka fitar da mu.